Tambaya ɗaya, hanyoyi da yawa: yadda ake koyar da lissafi da buɗaɗɗen aiki

Ga tambayoyi biyu a kan darasi ɗaya. Ta farko: lambu ne tsawonsa mita 8, faɗinsa mita 4, a nemo kewayensa da girman filinsa. Ta biyu: Baba yana da wayar shinge mita 24, yana so ya killace ɗan lambu mai kusurwa huɗu a bayan gida saboda awaki. Lambu iri nawa zai iya fitarwa da wannan waya, kuma wanne ne zai fi ba shi wurin shuka?

Tambayar farko, yaron da ya haddace ƙa'ida zai gama ta cikin minti ɗaya, wanda bai haddace ba kuwa sai ya naɗe hannu ya jira a rubuta gyara a allo. Ta biyun kowa yana da inda zai kama. Mai rauni zai zana lambu ɗaya ya ƙirga, mai ƙoƙari zai jero shida, mai kaifin basira kuma zai fara tambayar me ya sa filin ke canzawa alhali wayar ba ta ƙaru ba. Irin ta biyun ce muke kira buɗaɗɗen aiki. Mun rubuta wannan bayani ne domin malaman manyan azuzuwan firamare da na ƙaramar sakandare a Katsina da kewaye, inda ba abin mamaki ba ne a tarar da yara saba'in ko tamanin a aji ɗaya, darasi kuma bai wuce minti 35 ko 40 ba.

Samun tambaya mai kyau shi ne ɓangaren da ya fi sauƙi. Wahalar tana wuri biyu: malami ya iya kame bakinsa lokacin da yara ke fama, sannan ya iya tattara abin da suka yi ya ɗaure shi da darasin manhaja kafin a kaɗa ƙararrawa. Duk wanda ya rasa ɗaya daga cikin biyun nan, surutu kawai zai samu a ajinsa.

Inda ake samo aikin

Ba sai an nemi wani littafi na musamman ba, wanda ke hannu ya isa. A ɗauki tambayar da ke ciki a juya ta, wato a ba yara amsar su nemo abin da ya haife ta. Littafi yana cewa ga makin yara biyar, a nemo matsakaicinsu. Malami sai ya ce: yara biyar sun yi gwaji a kan maki 10, matsakaicin makinsu 6 ne, nawa-nawa suka ci? Ba za a daɗe ba wani zai gano cewa duk yadda aka juya, jimlar makin 30 ce, kuma wannan shi ne ainihin darasin. Daga nan sai a ƙara musu: zai yiwu uku daga cikinsu sun cinye goma-goma? Zai yiwu, amma sai dai sauran biyun su tashi da sifiri. Huɗu fa? Ba zai yiwu ba, domin 40 ta riga ta haura 30.

Wata hanyar ita ce a cire sharaɗi ɗaya daga tambayar. A gida akwai kaji da awaki, an ƙirga ƙafafunsu an samu 20, ba a faɗi yawan kawunansu ba. Kaji nawa, awaki nawa? Amsa huɗu ce idan dole akwai kowanne: kaji 8 da akuya 1, kaji 6 da awaki 2, kaji 4 da awaki 3, kaji 2 da awaki 4. Yaran aji huɗu na firamare suna iya lura da kansu cewa duk akuyar da ta shigo, kaji biyu ne ke fita.

Hanya ta uku, a tambayi "duka nawa ne, kuma ta yaya ka san babu saura?" Mai shago zai ba da canjin naira 500 da takardun naira 50 da 100 da 200. Hanya nawa zai iya haɗawa? Sha biyu ne: idan ya sa 200 guda biyu akwai hanya 2, idan ya sa guda ɗaya akwai 4, idan bai sa ko ɗaya ba akwai 6. Yara za su fara da kame-kame, su samu bakwai ko takwas, su maimaita wasu ba su sani ba. Ranar da suka gane cewa sai an bi abin daki-daki daga babbar takarda zuwa ƙarama, sun koyi abin da zai yi musu amfani har su gama sakandare.

Kafin a kai kowane aiki aji, a auna shi da abu uku. Shin yaron da ya fi kowa rauni zai iya sa hannu cikin minti biyu? Shin akwai wani abin ganowa a ƙarshensa, tsari ko dalili, wanda zai riƙe masu ƙoƙari? Shin yana kai wa ga darasin wannan makon? Na ukun nan ake yawan mantawa. Tambaya irin "ku rubuta duk abin da kuka sani a kan lamba 24" a buɗe take, amma ta yi buɗewar da ba ta zuwa ko'ina, yara za su cika shafi ba tare da sun yi wani sabon tunani ba. Haka kuma a rage ado. Labarin da ya kai layi shida kafin a zo ga lambobi gwajin karatu ne, yaran da Turancinsu bai nuna ba za su sare tun kafin su ga lissafin.

Daren jajibiri

Malami ya zauna ya yi aikin da hannunsa daga farko har ƙarshe, a takarda, kamar yadda yaro zai yi. Wannan mataki ba a tsallake shi. A aikin lambu, ga abin da ya kamata ya kasance a takardarsa: faɗi 1 tsawo 11, fili 11, faɗi 2 tsawo 10, fili 20, 3 da 9, fili 27, 4 da 8, fili 32, 5 da 7, fili 35, 6 da 6, fili 36, duka a murabba'in mita. Ya lura cewa tsawo da faɗi kullum 12 suke bayarwa idan an tara su, wato rabin wayar. Ya lura kuma da yadda filin ke ƙaruwa: da 9, da 7, da 5, da 3, da 1, lambobin mara suna saukowa a jere.

Sannan ya rubuta kurakuran da yake sa ran gani. Za a samu masu cewa 6 da 4, domin 6 sau 4 shi ne 24. Waɗannan sun rikita kewaye da girman fili, kuma su ne suka fi bukatar darasin. Za a samu masu cewa 12 da 12, sun manta cewa gefe huɗu ne. Za a samu gardama a kan 6 da 6, wasu su ce ba ya cikin lissafi tunda duk gefunansa ɗaya ne. Za a samu wanda zai tambaya ko an yarda da rabin mita. Malamin da ya san amsar tun daga gida, cewa 5.5 da 6.5 suna ba da 35.75, ƙasa kaɗan da 36, ba zai firgita ya ce "a'a, ba a yarda ba" don kawai ya rufe ƙofa.

Kayan aiki kuwa, tsinken tsintsiya ko na ashana 24 ga kowane rukuni, kowane tsinke a matsayin mita ɗaya. Aji mai rukuni 20 yana bukatar tsinke 480, don haka a sa yara su kakkarya su zo da su daga gida, tsawonsu ɗaya, a ɗaure kowane 24 da zare. Kada a yi amfani da tsakuwa ko murfin kwalba a aikin kewaye. Dalili shi ne tsakuwar da ke kan kusurwa ana ƙirga ta a gefe biyu: idan aka jera tsakuwa 24 a murabba'i, kowane gefe 7 zai nuna maimakon 6, sai lissafin ya rikice, yara su fita da ruɗanin da ba su shigo da shi ba. Murfin kwalba da tsakuwa a ajiye su don aikin kaji da awaki ko na canji.

A cikin aji

Aikin ya fi zama daidai a darasi biyu a haɗe, minti 80. Ga rabon da muke ba da shawara: minti 8 na gabatarwa, 5 kowa shi kaɗai, 30 a rukuni, 25 na tattaunawa a allo, 12 na rubutu da gwaji. Idan darasi ɗaya ne mai minti 40, a raba shi kwana biyu, a ɗan rage lokacin rukuni a tsaya a ƙarshensa, malami ya karɓi takardun ya duba su da dare. Wannan ma yana da alfanunsa, domin zai zaɓi waɗanda za su fito allo a tsanake.

A gabatarwa, a faɗi tambayar da Hausa, a rubuta ta a allo da Turancin da za su tarar a jarrabawa, a sa yara biyu su maimaita ta da bakinsu. Abin da ba a yi shi ne misali. Da zarar malami ya zana 4 da 8 ya nuna yadda ake samun 32, ya kashe aikin, domin yaranmu sun saba cewa abin da malam ya rubuta shi ne hanya, sauran minti saba'in kwaikwayo za su yi. Idan lallai sai an nuna wani abu, a nuna wanda bai cika sharaɗi ba: a zana 10 da 10 a tambaya ko wayar Baba za ta isa.

Minti biyar na shiru kafin a haɗu a rukuni suna da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Idan aka haɗa su nan take, mai saurin baki ne zai faɗi ra'ayinsa, sauran su bi. Idan kowa ya riga ya zana wani abu a littafinsa, yana da abin da zai kawo.

Rukuni kada ya wuce yara uku ko huɗu, wato benci ɗaya. Juya benci biyu su fuskanci juna yana haɗa yara bakwai ko takwas, kuma a irin wannan taro biyu ne ke aiki, saura suna kallo. Takarda ɗaya da biro ɗaya ga kowane rukuni, kuma kada biron ya zauna a hannun wanda ya fi ƙoƙari. Shi ya yi bayani, wani ya rubuta. A sanar tun farko cewa malami ne zai zaɓi wanda zai yi wa rukuni magana a allo, ba su ba. Wannan kaɗai yana tilasta wa gwanin rukuni ya tabbatar 'yan bencinsa sun gane.

Yanzu sai zagaye. A aji mai rukuni 20 ba za a tsaya wa kowa ba, kuma ba a bukatar haka. Zagayen farko na minti biyar a duba ko kowa ya fahimci abin da ake nema. Na biyu a riƙe 'yar takarda ana rubuta wane benci ya bi wace hanya. Za a yi ta kiran "Malam, daidai ne?" ko "Malama, duba namu." Amsar ita ce a mayar musu da tambaya: ta yaya za ku gwada ku gani? Ga waɗanda suka tsaya cik: me kuka sani, me ake nema, ku gwada kowace lamba mu ga abin da zai faru. Ga waɗanda suka ce 6 da 4: ku jera tsinkayenku ku nuna mini. Za su jera su ga tsinke huɗu sun yi saura, su gyara da kansu, malami bai ce komai ba. Ga waɗanda suka samu ɗaya suka ajiye biro: akwai wani? Ga waɗanda suka samu da yawa: ta yaya kuka san babu saura?

Masanin lissafin nan ɗan asalin ƙasar Hangari, George Polya, ya zayyana matakai huɗu na warware matsala a 1945: a fahimci tambaya, a tsara hanya, a bi hanyar, a waiwaya a duba. Tambayoyin da ke sama duk daga cikin matakan nan suke fitowa, kuma na huɗun, waiwaye, shi ne wanda yaranmu ba su saba da shi ba sam, saboda an koya musu cewa jan biron malami ne ke tabbatar da amsa.

Kame baki yana da wuya, musamman ga malami mai tausayi. Ganin yaro yana fama yakan sa a karɓi biron a yi masa. Amma hakan daidai yake da telan da ke karɓe keke daga hannun yaronsa duk sanda ɗinki ya karkace. Shekara za ta zagayo yaron bai iya ɗinka aljihu ba. Iyakar da muke bi ita ce: idan rukuni ya yi minti biyar bai rubuta komai ba, a ba shi ƙaramar tambaya mai kama da ita, misali waya mita 12, wadda lambu uku kacal take fitarwa, 1 da 5, 2 da 4, 3 da 3. Idan sun gama wannan su koma kan 24.

Masu gamawa da wuri kuma a tanadar musu ci gaba tun daga gida, in ba haka ba su ne za su tayar da hayaniya. A ce musu Baba ya ga zai iya jingina lambun da katangar gida, gefe uku kawai zai sa wa waya. Kusan dukansu za su ce 8 da 8, fili 64, tunda sun ga murabba'i ne ya yi nasara a baya. Idan suka jera jadawali za su tarar faɗi 6 tsawo 12 yana ba da 72. Wannan mamaki yana koya musu cewa ƙa'ida tana tare da sharuɗɗanta. Ga 'yan aji biyu ko uku na ƙaramar sakandare da suka san da'ira, a tambaye su idan aka lanƙwasa wayar ta zama da'ira fa? Filin yana kusan murabba'in mita 46.

Minti 25 na allo

Nan ne darasin yake, kuma nan ne aka fi yin asara, domin aikin rukuni yakan cinye lokaci a wayi gari saura minti uku. A tsayar da rukunoni a kan lokaci ko da ba su gama ba. Wanda bai gama ba ya fi sauraro da kyau, tunda abin yana cin ransa.

Ba kowane rukuni ne zai fito ba. Huɗu sun isa, kuma malami ne ya zaɓe su tun yana zagaye, ya kuma tsara wanda zai riga wani. A fara da rukunin da ya samu lambu ɗaya ko biyu ta hanyar jera tsinke, don kowa a ajin ya ga kansa a ciki. Sai wanda ya samu huɗu ko biyar a hargitse. Sai wanda ya jera nasa a tsare daga 1 zuwa 6. Sai na ƙarshe, wanda ya lura cewa tsawo da faɗi kullum 12 ne. Idan aka fara da na ƙarshen, sauran ba su da abin cewa, kuma masu rauni sun ji cewa nasu aikin banza ne.

A raba allo gida huɗu, kada a goge aikin kowa har a tashi. Malaman Japan, waɗanda suka shahara da gina darasi guda a kan tambaya ɗaya, kuma masanansu suke nazarin buɗaɗɗun tambayoyi tun shekarun 1970, suna ba tsarin allo muhimmanci sosai saboda wannan dalili: yaro ba zai kwatanta hanya biyu ba idan an goge ta farko. Tambayoyin malami a nan su ne na haɗawa. Ina lambun rukunin farko yake a cikin jadawalin rukuni na uku? Wanne ne rukuni na biyu suka tsallake, kuma me ya sa jerin na uku bai bari a tsallake ba? Daga ina 12 ɗin nan ta fito? Bayan kowace tambaya a yi shiru na daƙiƙa biyar kafin a nuna wani, a kuma riƙa kiran waɗanda ba su ɗaga hannu ba, musamman 'yan mata a ajin da maza suka fi baki.

Kuskure ma a kawo shi allo, amma malami ya ɗauke shi daga kan mai shi: "Na ga benci da yawa sun fara da 6 da 4, me ya ja hankalinsu can?" Dariya ga wanda ya yi kuskure a hana ta tun ranar farko, da gaske, domin yaron da aka yi wa dariya sau ɗaya ba zai sake fitowa ba har ƙarshen zango. Gardamar 6 da 6 kuwa a bar ta ta ɗan yi zafi kafin a koma ga ma'anar siffar, su ga cewa murabba'i ya cika duk sharuɗɗan.

A ƙarshe malami ya yi magana, a fili, ba kwana-kwana. Kewaye ɗaya ba ya nufin fili ɗaya. Tsawo da faɗi rabin kewaye ne. Duk sanda lambobin tsawo da faɗi suka matso kusa da juna fili yana ƙaruwa. A rubuta waɗannan da kalmomin Turancin da ke cikin manhaja, yara su kwafa, sannan kowa shi kaɗai ya yi gajeriyar tambaya ɗaya, misali waya mita 20. Wanda ya kawo 5 da 5, fili 25, ya kama. Da wannan ne malami zai san ko ajin ne ya gane ko kuwa yara goma ne kawai.

Aikin da ya fito daga gida

Duk malamin makaranta a Katsina yana da wani aiki da ya kamata ya yi alfahari da shi. Muhammad bn Muhammad al-Fulani al-Katsinawi, malami ne daga wannan ƙasa wanda ya yi rubutu da Larabci a 1732 a kan hanyoyin gina murabba'in lambobi, irin wanda aka fi sani da hatimi, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741. Masu tarihin lissafi a duniya suna ambaton sunansa har yau, yaran da ke wucewa ta gindin hasumiyar Gobarau kullum kuwa da yawansu ba su taɓa jin sa ba. Abin da ya shafi aji a nan lissafin ne zalla.

A zana gida tara, uku-uku. A ba kowane rukuni 'yan takardu tara masu lamba 1 zuwa 9, don su riƙa matsar da su ba sai sun yi ta gogewa ba. A jera su yadda kowane layi, a kwance da a tsaye da kusurwa zuwa kusurwa, zai ba da jimla ɗaya. Kada a faɗa musu jimlar. Bayan minti goma na lalube sai a tambaya: duka lambobin tara nawa ne idan an tara su? 45. Layi nawa ne a kwance? Uku. Daga nan 15 za ta fito daga bakinsu. Ɗaya daga cikin amsoshin ita ce 4, 9, 2 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 8, 1, 6 a ƙasa.

Idan rukunoni suka kawo nasu allo za a ga kamar amsoshi daban-daban ne, har takwas ake iya samu, amma duka guda ɗaya ce aka juya ko aka kifa. Za su lura 5 ba ta barin tsakiya, lambobin cika kuma suna kusurwa. Dalilin zaman 5 a tsakiya yana da daɗin nunawa ga 'yan sakandare: layi huɗu ne ke ratsa tsakiya, jimlarsu 60, a cikinsu an ƙirga kowace lamba sau ɗaya, ta tsakiya kuma sau huɗu, 60 a cire 45 saura 15, wato ta tsakiya sau uku, don haka 5 ce. Ci gaban aikin: a gwada da 2 zuwa 10, jimla ta koma 18, tsakiya 6. Masu ƙarfin hali su gwada gida 25, inda kowane layi ke ba da 65.

Wasu ayyuka biyu a taƙaice. Mutum goma sun haɗu a filin Idi, kowa ya yi musabaha da kowa sau ɗaya, musabaha nawa aka yi? Za a ce 100, za a ce 90, amsar 45 ce. A fito da yara biyar gaban aji su yi a ƙirga 10, a gina jadawali 1, 3, 6, 10, 15. Na biyu, waɗanne lambobi ne daga 1 zuwa 30 ake iya rubutawa a matsayin jimlar lambobi masu bin juna, kamar 15 da take 7+8, take 4+5+6, take kuma 1+2+3+4+5? Waɗanda za su ƙi su ne 1, 2, 4, 8 da 16, kuma yara da kansu za su yi hasashen 32 ce ta gaba. Wannan ƙofa ce mai kyau ta shiga aljabara, domin jimlar lambobi uku masu bin juna kullum ninkin ta tsakiya ce sau uku.

Maki, manhaja da hedimasta

Ƙorafin da aka fi ji shi ne manhaja tana da yawa, jarrabawa kuma tana tafe. Gaskiya ne, shi ya sa ba mu ce a mayar da kowane darasi haka ba. Sau ɗaya a mako biyu ya isa ga mai farawa, a sa shi a farkon sabon babi, sauran kwanakin a yi atisaye na yau da kullum. Jadawalin sau da saurin tarawa ba su da madadi, yaron da bai san 7 sau 5 ba zai ɓata lokacin tunaninsa a ƙirgen yatsu. Amfanin aikin lambu shi ne, atisayen da zai biyo baya yana da abin da zai rataya a kai. A tuna kuma cewa a takardar lissafi ta rubutu ta WAEC da NECO ana ba da maki a kan matakan da ɗalibi ya bi, ba amsar ƙarshe kaɗai ba, don haka sabawa da rubuta dalili riba ce kai tsaye.

Wajen ba da maki, ba za a duba littafi tamanin ba. A duba takardun rukuni 20 a kan maki 10: maki 2 ga amsa ɗaya da ta cika sharaɗi, 3 ga amsoshi da yawa da aka jera a tsare, 3 ga gano tsarin da ke ciki, 2 ga bayanin dalili ko da da Hausa aka rubuta. A rubuta wannan rabo a gefen allo kafin a fara, don su san cewa amsa ɗaya maki biyu kawai take kawowa. Makin kowane yaro na kansa kuwa daga gajeriyar tambayar ƙarshe ake ɗaukarsa.

A sanar da hedimasta ko shugaban sashe kafin ranar, a nuna masa a shirin darasi inda aikin ya dace da babin makon, domin wanda ya wuce ta taga ya ji yara tamanin suna magana zai ɗauka aji ya ƙwace. A kuma yi yarjejeniya da yara a kan alamar tsayawa, tafi uku ko ɗaga hannu, a gwada ta sau biyu kafin a raba kayan aiki.

Karo na farko da na biyu yara za su zauna suna kallon malami suna jiran ya fara, wasu ma su ce ba a koya musu ba. Wannan sabo ne na shekaru, ba ya nuna aikin ya fi ƙarfinsu. Saboda haka a fara da ƙarami wanda zai ƙare cikin minti 15, kamar na kaji da awaki, a yi irinsa sau biyu ko uku, kafin a kai ga lambu ko hatimi da ke bukatar darasi biyu a haɗe.